Ranar da Bijimi Ya Tsinke Na Zare Durowa

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da ba Ya mantuwa, ni kuwa na fara.

Shekarar da 'yan ƙwallon ƙasar nan suka ciwo zinare a Amurka, Kafanchan ta yi kwana uku ba ta da zance sai na ƙwallo. Musulmi da Kirista, mai sayar da citta da mai tura baro, kowa ya zama gwani. Har limamin unguwarmu, Allah Ya jiƙansa, wanda bai san mutum nawa ke buga ta ba, ya tare ni bayan La'asar yana tambaya ko zinaren nan za a raba wa jihohi ne. To a wannan daminar ce kwamfuta ta shigo layinmu. Na sha jin kuna faɗa wa abokanku cewa babanku ya san kwamfuta tun ba a san ta a garin nan ba. Ba ku yi ƙarya ba. Sai dai ba ku san yadda muka saba da ita ba, kuma gara ku ji daga alƙalamina da ku ji a bakin wani.

A lokacin ina da ɗan shago a hanyar tashar jirgin ƙasa, inda nake rubuta wa 'yan kasuwa wasiƙa da ajami, in kuma karanta musu wadda aka aiko. Bango ɗaya ya raba ni da Papa Chidi. Ibo ne, amma a gidajen reluwe aka haife shi, ya kuma ƙare ƙarfinsa yana haɗa tarago da rabawa a tasha. Da ya ajiye aiki sai ya tafi Anacha ya dawo da injin kwamfuta a cikin kwali uku, ya buɗe shagon buga takardu. Shi ne mai inji, amma matarsa ce mai hannu. Mama Chidi ta yi aikin tafireta a wata makaranta tun tana budurwa, yatsunta suna gudu a kan maɓallai kamar ruwan sama a kan kwano. Ita ce kuma sakatariyar matan zumunta a cocinsu, littafin taronsu yana hannunta shekara da shekaru, kuma tana ji da wannan muƙami fiye da yadda wasu ke ji da sarauta. Da farko na ɗauka injin nan kasuwata zai kashe. Ashe ƙara mini ita zai yi, don duk wanda ya zo da takardar ajami yana so a buga masa da boko, ni ake kira in karanta, ita ta buga.

Sai na bayyana muku yadda injin yake, in ba haka ba ba za ku gane wautata ba. A goshinsa akwai wata 'yar kafa da ake zura ƙaramin diski mai faɗi kamar biskit. Wannan ana sa shi ana cire shi inji yana kunne, na ga Mama Chidi ta yi haka fiye da sau ɗari. A ƙarƙashin kafar kuwa akwai durowa mai hannu da makulli, a cikinta babban diski yake, wanda ke ɗauke da aikin mutane duka. Papa Chidi ne ya nace a sa masa irin wannan tun a Anacha. Tun rikicin tamanin da bakwai ya koyi cewa shago yana iya ƙonewa a wuni ɗaya. Kullum da yamma sai ya kashe inji, ya murɗa makulli, ya zare durowa, ya naɗe ta a tawul ya tafi da ita gida kamar jariri.

"Malam," ya kan ce mini, "gini ya ƙone, za a gina wani. Aikin mutane ya ƙone, ina zan sa fuska?"

Na ga naɗewar, na ga murɗa makullin. Kashe injin da yake fara yi ne ban ɗauka a bakin komai ba. Na zaci tattalin wuta ne kawai.

Aikin da ya fi kowane daraja a cikin durowar nan na Baba Dogara ne, wani tsohon malamin makaranta daga Fadan Kagoma. Idonsa ya yi rauni har ba ya iya rubutu, amma kansa cike yake da tarihin ƙauyensu: waƙoƙin noma, sunayen tsofaffin gonaki, yadda ake neman aure da gayya a zamanin iyayensa. Duk mako sai ya shigo mota ya zauna a kan benci, ya jingina sanda, yana faɗa Mama Chidi tana bugawa. Babu takarda ko ɗaya, daga bakinsa sai cikin inji. An bari sai an gama a fitar da shi gaba ɗaya. Wata uku ana haka, ni ma in babu kowa a shagona sai in leƙo in sha labari.

Wata ranar kasuwa, damina ta ja baya, Papa Chidi ya tafi Kachia. Da hantsi Mama Chidi ta leƙo shagona da gyale a kafaɗa.

"Malam, ka duba mini shago, zan je asibiti in gaida wata 'yar zumunta. Inji yana shara, kar ka taɓa shi, ka ji ko?"

Sharar da take nufi wani aiki ne da ake sa injin, ya yi ta kwashe abin da ke cikin diski yana jerawa daki-daki don ya ƙara sauri. Yana ɗaukar sa'o'i. Na shiga na zauna ina kallon 'yan ƙananan akwatuna suna sauya launi a gilashi, 'yar fitilar durowa tana ƙyaftawa, ina jan carbi. Ban yi rabin sa'a ba sai na ji ƙarar ƙafafu. Na leƙa, na ga mutane suna kwararowa daga wajen kasuwa, mata da kwando a ka, wani ya yar da takalmi bai waiwaya ba, masu shaguna suna buga ƙofofi. Ku da kuka taso daga baya ba za ku san wannan ba: a Kafanchan ta wancan lokaci, in ka ga ana gudu ba ka tambaya. Gudu kake yi, tambaya sai an isa gida. Na tashi zan fita, sai idona ya faɗa kan makullin da ke rataye a ƙusa, maganar maƙwabcina ta faɗo mini. Na ce a raina, yau ranar amana ce. Na murɗa makulli, na kama hannun durowa na fizgo, fitilarta tana cikin ƙyaftawa. Na cusa ta a cikin babbar riga, na ja ƙofa, na bi sahun jama'a, ni da rabona da gudu tun ina saurayi.

Uwarku tana tankaɗe a tsakar gida na faɗo. Ta dube ni, ta dubi cikina da ya yi kusurwa huɗu.

"Malam, lafiya? Me ka haɗiya?"

Ban gama mayar da numfashi ba sai maƙwabciyarmu ta shigo tana dariya har da riƙe bango. Wai bijimi ne ya tsinke wa mahauta, ya bi ta layin masu tumatir, na farko suka gudu don sa, na baya suka gudu don na farko. Har an kama shi yana cin kabejin wata mata. Uwarku ta yi dariya har ta zubar da gari. Ni ma na yi, na gode wa Allah, na koma shago ina jin kaina kamar wanda ya ceto gari. Na tarar da injin yana nan kunne, akwatunan sun tsaya cik. Na ce to, abincinsa na ɗauke, bari in mayar masa. Na tura durowa na murɗa makulli. Sai na ji wani ɗan ƙas, da ƙauri kaɗan kamar an ƙona gashi, gilashin ya cika da rubutun Turanci. Na mayar da makulli kan ƙusa, na koma kan benci, na ci gaba da jan carbi, amma yanzu ban san abin da nake karantawa ba.

Da Mama Chidi ta dawo ta kashe ta kunna, injin ya tashi, amma da ta nemi littafin Baba Dogara sai wasu haruffa suka fito kamar sawun kaji. Ta nemi wasu ayyukan, rabi suna nan, rabi babu. Ta juyo gare ni.

"Malam, an ɗauke wuta ne?"

"Ba a ɗauke ba."

"Wani ya shigo?"

"Babu baƙon da ya shigo," in ji ni.

Kun ga irin amsar da mai ilimi ke bayarwa in yana so ya yi ƙarya ba tare da ya furta ta ba. Na daɗe ina neman gafarar Allah a kan wannan jimla, ta fi zare durowar nauyi. Da Papa Chidi ya dawo da yamma ya ji abin da ya faru, bai yi dogon bincike ba. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa, har matarsa.

"Kai ne da shara ɗin nan naka. Wa ya aike ka? Inji yana zaman lafiya, ka ce sai ka share shi. Yanzu ka share Baba Dogara gaba ɗaya."

Ita ma ta yarda laifinta ne. Daga ranar ya hana ta taɓa inji. Shi ya koma kujerar, yana bugawa da yatsu biyu, yana neman kowane harafi kamar mai tsintar allura, wasiƙa ɗaya sai ta ci masa wuni. Labari kuma ya isa coci ta bakin surukar Baba Dogara, wadda 'yar zumunta ce. Matan suka sa wa Mama Chidi suna Mai Shara. Da farko wasa ne. Daga baya shugabarsu ta karɓe littafin taro daga hannunta, wai a ba wata ta riƙe kafin shi ma a share shi. Wannan ne ya karya ta. Matar da muryarta ke cika layinmu da safe ta koma zama a bakin shago tana ɓare egusi, in na gaishe ta ta amsa da ladabi, ladabin nan ya fi zagi ciwo a wurina.

Na nemi hanyar da zan biya ba tare da na yi magana ba. Na ce wa Papa Chidi ni zan riƙa zuwa Fadan Kagoma duk mako in sake ɗaukar littafin daga bakin tsohon, don hannuna a ajami ya fi na kowa sauri. Ya rungume ni, ya ce wa duk mai wucewa ya zo ya ga maƙwabci na gari. Ina tsoron haɗuwa da Baba Dogara, amma na same shi a gindin bishiyar ɗorawa yana murna.

"Ɗana, Allah ne ya share shi. Na farkon nan na yi wa kakana ƙarin jarunta a wuri biyu, abin yana damuna. Kuma na manta waƙar shuka acca gaba ɗaya. Zauna, ɗauko alƙalaminka na dama zuwa hagu."

Ranakun nan suna cikin mafi daɗin rayuwata. Yana faɗa ina rubutawa, matan gidan suna kawo mana dafaffiyar gwaza da manja, in lokacin salla ya yi shi da kansa yake cewa a kawo mini ruwa a shimfiɗa mini buhu mai tsabta, alhali shi dattijon coci ne. In ya rera waƙa da yarensu sai in rubuta sautin yadda na ji, in karanta masa, ya yi dariya har da hawaye ya ce na zagi surukarsa ban sani ba. Ina dawowa gida da takardu fal jaka, zuciyata wasai. Uwarku ce kaɗai ba ta yaba mini ba. Ita ta ga cikina mai kusurwa huɗu, kuma ba ta da mantuwa. Wata rana tana zuba mini tuwo ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Sannu da hidima, Malam. Littafin tsoho yana dawowa."

"Alhamdu lillahi."

"Sunan matar mutane fa, a wace jaka za ka kawo shi?"

Na ce mata ana barin halal don kunya, kuma tonon abin da ya wuce yana iya ɓata zumuncin shekaru. Na kawo mata misalai, har da Larabci.

"Ni ban yi karatu kamarka ba," in ji ta. "Amma abin da baki ya ci, ba ƙafa ke biya ba. Ka je Kagoma sau ɗari."

Na ci tuwon nan ba daɗi, amma ban je na faɗa musu gaskiya ba. Haka muka tafi har aka fara haƙar citta, motoci suna shigowa daga Kachia, gari duk ya ɗauki ƙamshinta. A lokacin ne injiniyan da Papa Chidi ya daɗe yana jira ya zo daga Jos, wani mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Ya buɗe injin ya baje kayansa. Aka kira ni in zo in ga abin mamaki, don ya zo da wata kwamfuta ƙarama da ake ninkewa kamar allo biyu. A gefenta akwai kafa, a ciki akwai diski mai kama da katin gaisuwa. Muna kallo, injin yana kunne, ya taɓa wata 'yar alama a ƙasan gilashi, rubutu ya fito, ya zare diskin ya ɗaga mana. Ya mayar, injin ya yi ɗan kuka, ya karɓe shi ya ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba.

"A cikin kowace kwamfuta akwai tsarin da ke tafiyar da ita," in ji shi, "kamar magatakarda. Shi ya san inda aka ajiye komai. Wannan sabon an koya masa baƙo yana iya shigowa ko ya fita ana cikin aiki. Amma ko shi sai an yi masa sallama. Alamar nan da na taɓa, ce masa na yi zan cire. Sai ya sauke abin da ya riƙe a ka, ya rubuta, ya rufe, sannan ya ce in ɗauka."

Papa Chidi ya buga cinya, fuskarsa ta washe.

"Reluwe ke nan. Muna cire tarago kan jirgi yana huci, ba ma kashe wuta. Amma sai direba ya sani, sai an ɗaga tuta. Ka cire ba tuta, ka kashe mutane."

"To naka injin ba shi da tuta," in ji injiniya. "Tsarinsa bai san ana cirewa ba, wayar durowar ma ba a yi ta don haka ba. Shi dole a kashe shi tukuna."

Ya ƙara da cewa diski yana da wani shafi da ke nuna wane yanki ke bin wane, in aka katse inji yana cikin gyara wannan shafi, rubutun yana nan amma ba mai sanin jerinsa. Wannan ban buƙaci a maimaita mini ba. Littattafanmu na ajami ba a ɗinke su, warwara suke a cikin gafaka, abin da ke riƙe su kalma ɗaya ce da ake rubutawa a gindin kowane shafi, wadda shafi na gaba zai fara da ita. Goge waɗannan kalmomi ka watsa takardun a iska, ka ga abin da na yi wa Baba Dogara. Injiniya ya ɗaga durowar ya kai ta wajen haske, ya nuna wani ɗan baƙi a inda haƙoranta ke shiga.

"Oga, shara ba ta yin wannan. Shara aiki ne mai kyau, wanda ya sa ta ya san abin da yake yi. Wannan an zare shi ne yana aiki, aka kuma mayar da shi da wuta a jiki."

Papa Chidi ya juya a hankali ya dubi matarsa, wadda ke zaune a bakin ƙofa da tiren egusi a cinya.

"Mu biyu ne muka san makulli. Ni ina Kachia. Ashe ba shara kaɗai ka yi ba, har cirewa ka yi, ka ɓoye mini wata biyu?"

Na ga idonta ya kawo ruwa. Da laifin ganganci ake tuhumarta, yanzu ya zama na ƙarya, a gaban baƙo. Ban san lokacin da na yi gyaran murya ba.

"Oga, mu uku ne. Ƙusar nan ba ta da nisa da benci."

Na faɗa musu komai, tun daga ƙarar ƙafafu har ƙaurin gashi, har amsar da na ba ta ta malamai. Injiniya ya sunkuyar da kai yana ta goge abin da ba ya buƙatar gogewa. Papa Chidi ya daɗe yana kallona. Sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Tsaya, Malam. Ranar sa ɗin nan? Kai da babban riga, da durowa a ciki, kana gudu? Saboda sa yana cin kabeji?"

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Da ya farfaɗo ya ce ai don ceton aikinsa na yi, ya yafe duniya da lahira. Sannan ya matsa kusa da matarsa yana murza hannu yana cewa sori, sori Mama, kujera naka ne, inji naka ne. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye tire, ta karkaɗe zaninta.

"Kai naka daban, za mu yi shi a gida." Ta juyo gare ni. "Malam, cirewa ba komai, kowa yana kuskure, kuma amana ka so ka riƙe. Amma wata biyu kana gaishe ni da safe. Ba a shagon nan sunana ya ɓaci ba. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu muna taron zumunta."

Ta shige ciki ta zauna a kujerarta, ta ture hannun mijinta daga kan maɓallai.

Kwana uku na yi ina juya abin. Ni malami, ɗan gidan da aka sani a kasuwar nan tun kakanni, in je in tsaya gaban matan coci in ba da labarin wautata. Na san kafin magariba labarin zai zaga gari, kuma zai zaga da ƙari. Na je wa liman da maganar, ina fatan ya hana ni. Ya saurara, ya ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa don mai shi ba ya salla tare da mu, kuma Allah ba Ya yafe shi sai mai shi ya yafe. Ya ce in yi La'asar da wuri in tafi. Uwarku kuwa ta wanke mini riga ta sa mata shuɗi, ita ce wadda na yi gudun da ita.

Ban shiga cikin coci ba, su ma ba su nema ba. A farfajiya suke taro a gindin mangwaro, sun jera benci, duk sun ɗaura zane iri ɗaya, ga tulun kiɗa da kacau-kacau a gefe. Da suka gan ni waƙar ta mutu a tsakiya. Shugabarsu, wata doguwar mata mai tabarau, ta miƙe.

"Malam, sannu da zuwa. Ɓatan hanya ne, ko an samu tuba?"

Aka yi dariya. Na ce tuba ce, amma ba irin wadda take fata ba. Na tsaya na riƙe hulata da hannu ɗaya don iska, na faɗa musu abin da na faɗa a shago, ban rage ba. Na ce matar da kuke kira Mai Shara ba ta ɓata komai ba, injiniya ya ce aikin gwani ta yi, ni ne na ɓata, ni ne kuma na yi shiru aka ɗora mata. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce ita ba ta gane ba, a ina na sa durowar? Na nuna. Ta ce to yaya na yi gudun da ita a nan? Na duba, na ga Mama Chidi ta naɗe hannu tana jira. Na ɗauki wani littafin waƙa da ke kan benci, na nemi izini, na cusa shi a riga, na tattare ta, na yi taku biyar na gudu a gaban matan zumunta. Wata ta faɗo daga benci don dariya. Mai tulu ta shiga buga mini kiɗa. Surukar Baba Dogara tana share hawaye tana cewa a yafe mata, ita ta kawo maganar.

Da aka natsu, shugabar ta buɗe jakarta ta ciro littafin taro mai baƙin bango. Ta taka har gaban Mama Chidi ta miƙa mata da hannu biyu.

"Sakatariya, ki rubuta abin da ya faru yau. Kar ki bar gudun."

Mama Chidi ta karɓa, ta buɗe, ta gwada biro a gefen shafi. Ta rubuta kwanan wata a nutse, sannan ta ɗago ta dube ni. Murmushin da na yi wata biyu ban gani ba ya dawo.

"Malam, ka ajiye mana littafin waƙa ka tafi, magariba ta kusa. Ba ni binka komai. Gobe ka zo da takardun Baba da wuri, aiki yana jiranmu."